Birnin Ruwa Ta Bayan Zane

Tun da aka dawo makaranta ba ni da sakat. Da na zauna cin tuwo sai wani ya matso ya ce, "Haliru, wai da gaske ka ga mutane suna tafiya a jikin zane?" In na ce da gaske ne, sai ya ce in faro masa tun daga tushe. Ku kuwa kun san ni, da an zuba mini ido harshena ke ɗaurewa. Shi ya sa na ga gara in rubuta gaba ɗaya, kowa ya karanta, a bar ni in ci tuwona da zafinsa.

Sai na fara da littafin, domin ba don shi ba da ba mu taka ko'ina ba. A gidanmu na Bungudu akwai wani littafin hikaya na Larabci, bugun Masar, da wani alhaji ya kawo wa kakana. Sunansa na ainihi dogo ne, ba mai kiransa da shi. Mu dai Birnin Ruwa muke ce masa. Labarin wani ɗan marini ne da aljanu suka sace ƙanwarsa suka kai ta wani birni a ƙarƙashin tafki. Ya bi sawunta shekara da shekaru, wahala ta sauya masa kama, har ranar da ya tsaya gabanta ba ta shaida shi ba sai da ta ga hannuwansa da baba ya rina shuɗi. Kawuna Malam Isa shi ke karanta shi a zaure bayan an gama girbi, yana karantawa yana juyawa da Hausa. Maza su cika zaure, mata su jeru a bayan katanga. Kowa ya san ƙarshen, amma kowace shekara in aka zo wurin hannuwan nan sai ka ji ana jan hanci ta bayan katangar.

Shekarun nan yanar ido ta fara rufe wa Kawu gani. Da fari rubutu ne ya gagare shi, sai ya zama in na zo hutu ni ke karanta Larabcin shi yana fassarawa. Daga baya ya zama ba ya ganin abu sai ya kai shi dab da hancinsa, kuma sai da haske sosai. Wanzamin da ya duba shi ya gaya masa gaskiya, cewa da wuya idon ya kai damina.

Ana haka sai Nomau ya dawo daga Funtuwa. Nomau maƙwabcinmu ne, mai jakai, yana kai auduga can inda hanyar jirgin ƙasa ta tsaya. Ba ya karatu, amma ba wanda ya kai shi sanin Birnin Ruwa, har gyara wa Kawu yake yi in ya tsallake wani wuri. Bai ko sauke mangala ba ya faɗo zaure.

"Malam, littahinka ya hito fili. Nasara sun ɗauke shi sun sa cikin akwati. Wani mutumin Sham shina nuna shi ga zane, majigi suka ce mai. Ɗan marini na tahiya da ƙahwa tai, kamar ni da kai."

"Ka gani da idonka?" in ji Kawu.

"Ban gani ba, ranar da nis sauka an gama. Amma wanda yag gani ya ba ni labari, na ko gane shi tun daga tafkin. An ce zai sake nunawa kahin ya wuce Zariya."

Daren nan ba a yi karatu ba, gardama aka yi. Wani ya ce aikin shaiɗan ne. Wani ya ce ko ma na waye, shi dai yana son ya san yadda za su yi da kifin da ke haskaka tituna maimakon fitila. Limamin unguwarmu ya ce bai hana kowa ba, amma Nasara ba su san marina ba, za su ɓata labarin ne kawai. A haka aka watse. Da safe Kawu ya ce in ɗauko masa sandarsa da buzu.

Innata, wadda ƙanwarsa ce, ta tare ƙofa. "Yaya, kallo za ka? Da wane idon?"

"Da ɗan abin da ya rage," in ji shi. "Ƙarewa zai yi ko ina zaune. Na kwashe shekaru ina nuna wa mutane birnin nan da baki, ni ban taɓa ganinsa ba. Ina son in gan shi kafin a rufe ƙofa."

Ta shiga ta ɗaure mana hoce da ƙuli-ƙuli.

Muka kama hanya mu uku, Kawu a kan jaka, ni da Nomau a ƙasa muna kora sauran jakan da kayan auduga. Littafin yana cikin gafaka a wuyana, domin Kawu ya ce a tafi da shi a gwada. A mashigin gulbi kafin Gusau jakar ta ga ruwa mai sanyi ta durƙusa, Kawu ya zauna tsamo-tsamo cikin ruwa har ƙugu. Abin da ya fara tambaya shi ne ko gafakar ta jiƙe. Nomau ya ce, "To Malam, ka riga ɗan marini shiga tafki."

A Gusau muka kwana gidan wani tsohon ɗalibin Kawu. Garin ya cika da baƙi saboda aikin hanyar jirgi, ana sare itatuwa ana tara ƙasa kamar kunyar dankali mai tsawon gari guda. Labarin tafiyarmu ya riga mu isa. Mutane suka yi ta shigowa, kowa da saƙonsa. Wannan ya ce a dubo masa ko takobin sarkin aljanu irin namu ne. Wancan ya ce a ƙirga masa ƙofofin birnin. Wani dattijo ya ce shi ba zai je ba ko an ɗauke shi a ka, domin ɗan marinin da ke ransa kamar ƙanensa marigayi yake, ba ya son a canza masa shi.

Daga nan muka wuce ta gindin dutsen Kwatarkwashi. Kawu ya ɗaga kai ya ce yana ganin duhu a gefen sama, na ce dutsen ne. Muka ci gaba da tafiya.

A Tsafe muka sauka gidan Inna Tasalla, wata tsohuwa mai sauke fatake. 'Yar Bungudu ce aure ya kawo ta, kuma tana cikin waɗanda suka saurari kakana ta bayan katanga. Ta yi mana tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa sosai, ta zauna bakin ƙofa tana kallon muna ci.

"Isa, ka dubo mani sarauniyar aljannun nan. In ba ta da wushirya, ba ita ba ce."

"Tasalla, littafi bai ce tana da wushirya ba."

"Ya ce ba ta da ita?"

"Bai ce ba."

"To mi kaka gardama a kai? Ubanka da ya fi ka karatu, in ya zo wurin murmushinta, wushirya nika gani."

Nomau ya ce shi duk wannan bai dame shi ba. Su sa wa ɗan marini wandon Nasara in sun ga dama, amma hannuwan nan su zama shuɗi, in ba haka ba zai tashi ya fita.

Bayan Tsafe aka shiga daji, sai ga iyakar ƙasar Sakkwato da ta Katsina. Ba ganuwa ba kogi, wata tsamiya ce kawai da rumfa, da wani dogari a zaune yana duba masu wucewa. Ya tambayi Nomau ya ce auduga, ya tambaye mu, Kawu ya ce, "Kallon inuwa za mu." Dogarin ya dubi idon Kawu, ya dube ni, ya ce mu sauke kaya. Ya zazzage buzu, ya ɓare hoce ya shinshina, sannan ya buɗe gafaka. Da ya ji sunan littafin sai fuskarsa ta sauya. Ashe wani bafatake ya taɓa fara ba shi labarin a rumfar nan, ya kai inda ɗan marini ya tsaya ƙofar birni, gari ya waye ya yi tafiyarsa, bai sake biyowa ba.

"Ba inda za ku," in ji shi, "sai na ji ko ya same ta."

Nomau ya ce mutumin Sham ba zai jira mu ba. Dogarin ya ce shi ma ya gaji da jira. Haka Kawu ya zauna ƙarƙashin tsamiya ya ƙarasa masa, rana tana yi, ni ina duban inuwa tana gajarcewa. Da aka zo wurin hannuwan, dogarin ya juya baya ya yi kamar yana gyara rawani. Ya ba mu ƙwaryar nono, ya raka mu har bakin hanya yana dariyar maganarmu, wai mu mutanen yamma komai sai mun ce "wanga" da "mi".

Funtuwa ta ba ni tsoro. A nan na fara ganin jirgin ƙasa, yana huci kamar ana hura wutar maƙera ɗari, jakan Nomau suka watse sai da muka bi su cikin gonar wani. Masauki babu, duk fatake sun cika. Wani ma'aikacin hanyar jirgi, mutumin kudu, ya ba mu gefen rumfarsa. Su ba sa zama a ci tare a akushi ɗaya kamar mu, kowa da kwanonsa. Ya ba mu wani gari na rogo mai tsami da ake jiƙawa da ruwa. Nomau ya raina shi, ya ce wannan ai tsaba ce, ya yi ta watsawa baki busasshe, sannan ya sha ruwa a kai. Ya kwana yana juyi yana cewa an hura shi kamar salka.

Da safe muka ji cewa mun yi sa'a da ƙyar. Ranar ce ta ƙarshe, washegari akwatin zai shiga jirgi.

Wani babban sito na auduga aka share. Bayan azahar aka shiga, aka rufe ƙofofi aka toshe tagogi da buhuna, ya yi duhu kamar cikin rumbu. A can gaba an rataye farin zane, faɗinsa ya kai bangon ɗaki, ƙasansa bai taɓa ƙasa ba. A bayanmu mutumin Sham ya tsaya da akwatinsa a kan tebur. Muka samar wa Kawu wuri a sahun gaba, duk da haka akwai tazara tsakaninmu da zanen, domin an ja igiya kada a matsa.

Mutumin Sham ya kunna fitilar cikin akwatin, ya kama wani mariƙi yana juyawa, abin yana ƙara kamar ana kaɗa mazari. Haske ya tsaga duhu ta saman kawunanmu ya faɗa kan zanen.

Ban san yadda zan gaya muku ba. Ruwa na gani, yana motsi, iska tana kaɗa shi, a kan zanen da na ga an rataye da idona busasshe. Sai ga mutum ya taho bakin ruwan, ya tsaya, ya juyo ya dube mu. Duk siton ya yi tsit. Wani a bayana ya yi masa sallama a hankali. Bakin mutumin da ke kan zanen yana motsi amma ba murya. Wani lokaci rubutu ya fito, ba irin Turancin da ake koya mana ba, mutumin Sham ya yi ta ihu da gurguwar Hausa yana faɗin abin da ake ciki. Ni na manta da kaina, na manta da inda nake.

Can sai ga fada, ga sarki a kan gado, ya ɗaga hannu. Kafin in yi tunani na ga Nomau ya tuɓe takalma ya durƙusa, haka duk mutanenmu da suka zo da auduga, har da ni. Wani ya ce, "Ranka ya daɗe." Ma'aikatan jirgi da suka saba gani suka fashe da dariya, aka yi ta turereniya, na baya suna cewa a zauna, na gaba suna cewa ba a zama gaban sarki da takalmi. Cikin wannan hargitsi aka shure wa Nomau takalmi ɗaya, ya wuce ta ƙarƙashin igiya.

A lokacin ne Kawu ya taɓa gwiwata.

"Haliru, an fara?"

Na dube shi. Fuskarsa tana sama, idonsa a buɗe, hasken zanen yana wasa a kansu.

"An fara, Kawu. Me kake gani?"

"Hayaƙi. Fari yana zuwa, baƙi yana zuwa."

Na matsa kusa da kunnensa na fara gaya masa, ga sarki, ga ɗan marini ya durƙusa. Kawu ya ɗaga hannu.

"Bari. Ba jin labari na zo ba. Shi na baro a gida."

Ya sunkuyar da kai ya ɗora haɓa a kan sandarsa. Ni ma daga nan ban ƙara jin daɗin kallon ba. Ina tuna jakar da ta jefa shi a ruwa, da maganar Inna a bakin ƙofa.

Aka tsaya don a sauya abin da ke cikin akwatin. Nomau ya sulale ta ƙarƙashin igiya neman takalminsa, ya kutsa ƙarƙashin zanen, ya ɓace. Aka sake kunna haske bai fito ba. Can sai na ji an ja mini riga daga ƙasa.

"Ta da Malam," in ji shi da raɗa. "Suna nan ta baya ma. Kuma ba igiya."

Muka bi gefen bango a duƙe, ina riƙe da hannun Kawu, Nomau yana ba mutane haƙuri yana cewa tsoho ne zai zaga. A bayan zanen akwai ɗan lungu tsakaninsa da dilolin auduga, daidai tsayuwar mutum. Hasken yana ratsa zanen, duk abin da ke gaba yana nan, sai dai ya yi girma har ba ka iya haɗa shi da ido ɗaya. Nomau ya koma gaba ya tsare mana wuri. Na kai Kawu har hancinsa ya kusa taɓa zaren.

Ya ƙura wa zanen ido. Sannan na ji numfashinsa ya sauya.

"Wannan dutse ne," in ji shi. "Sassaƙaƙƙe."

"Ƙofar birnin ce, Kawu."

Ya ɗaga kai yana bin ginin sama, ya yi ɗage a kan yatsunsa, ƙofar ba ta ƙare ba. Ya taka zuwa dama yana bin ta, ya dawo hagu. Wani kifi ya ratso ta gaban fuskarsa, ya kauce, sannan ya yi dariya irin wadda ban taɓa ji daga bakinsa ba. Bai ga birnin gaba ɗaya ba kamar yadda na gaba suka gani. Guntu-guntu ya gan shi, taga, tsani, ƙafar wani mai gadi, gefen mayafi. Yana gani yana kiran sunan kowane da Larabcin littafin. Da fuskar sarauniya ta cika zanen, idonta ɗaya ya kai faifai, ya ja da baya har ya jingina da auduga, yana tasbihi a hankali. Ta yi murmushi. Ya matsa ya duba haƙoranta da kyau.

"Ba wushirya, Tasalla ta faɗi," in ji shi.

Aka kawo wa ɗan marini abinci a fadar aljanu. Kawu ya ƙura ido, ya ce, "Haliru, da hagu yake ci." Na duba, haka ne. Sarauniya ma da hagu ta miƙa masa ƙoƙo. Kawu ya girgiza kai ya ce, "Ashe haka al'adar ƙarƙashin ruwa take. Littafi bai faɗa ba."

Da aka zo wurin da muke jira, ɗan marini ya tsaya gaban ƙanwarsa. Ya miƙa hannu. Hannun fari fat, sai wani zobe a yatsa. Ta ga zoben ta rungume shi. Daga can gaban zanen muka ji muryar Nomau ta fi ta kowa.

"Zobe? Wane irin zobe? Ina baba? Kai mai akwati, maida shi baya, ba haka a ba!"

Aka yi ta ce masa ya zauna. Bai fita ba dai, duk da alkawarin da ya yi a Tsafe.

Da aka buɗe ƙofofi mutumin Sham ya zo naɗe zanensa ya same mu a lungu, auduga duk ta manne wa Kawu a gemu. Na zaci faɗa zai yi. Kawu ya gaishe shi da Larabci, sai ya saki baki, ya zauna a kan dila suka yi ta hira. Ya ce shi ma kakarsa ta ba shi labarin nan yana yaro. Kawu ya tambaye shi dalilin zoben. Ya ce akwatin bai san launi ba, fari da baƙi kawai ya iya, da an rina hannun da ba wanda zai gane shuɗi ne. Kawu ya gaya wa Nomau. Nomau ya ce to wanda bai iya shuɗi ba me ya kai shi labarin marina.

A hanyar dawowa muka gaya wa Inna Tasalla batun wushirya. Ta ce ba mamaki, ainihin sarauniyar ba za ta yarda ta shiga akwati ba, wata baiwarta suka samu.

A Bungudu zaure ya cika har waje. Nomau ya ba da nasa, rabi yabo rabi zagi. Da aka zo kan cin abinci Kawu ya ce mutanen birnin da hagu suke ci. Nomau ya ce da dama, shi ya gani. Kawu ya ce da hagu, shi ma ya gani. Aka juyo gare ni, tunda ni kaɗai na tsaya ta gaba na kuma tsaya ta baya. Na san dalili, domin na yi ta tunaninsa a hanya. Abin da ke dama ta gaban zane, hagu yake komawa ta bayansa. Na buɗe baki in faɗa, sai na ga Kawu ya juyo da fuskarsa wajen da ya ji motsina, bai daidaita da inda nake ba. Na ce duka biyun na gani, aka yi mini dariya, aka ce ɗan boko ya ji tsoron manya.

Idon bai kai damina ba, kamar yadda wanzami ya ce. Kafin in taho makaranta na karanta masa littafin sau ɗaya a zaure. Da muka zo ƙofar birni ya ce in dakata. Ya miƙe tsaye, ya ɗaga sandarsa har ta taɓa azara.

"Ta fi nan," ya ce wa mutane. "Shekara da shekaru ina rage muku ita ban sani ba. Na yi ɗage ban ga ƙarshenta ba."

Ya zauna, ya gyara buzunsa, ya ce in ci gaba.